Saba a shago ko ajiyar gajimare? Ku ba ni shawara, na kusa rasa littafin bashi

Alhaji Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da matsala, kuma ina so a yi min magana da Hausar da zan gane, ba ta 'yan kwamfuta ba. Shaguna biyu gare ni a Kantin Kwari da sito ɗaya. Duk lissafinmu, kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da wanda ya ɗauki kaya bashi, yana cikin kwamfuta ɗaya da ke babban shago. Ranar Litinin yaro ya kunna ta, sai ta soma wani ƙas-ƙas-ƙas kamar agogon bango, daga nan ɗif. Mai gyara ya ce faifan ajiyar ne ya mutu. Ya kwana uku a kansa kafin ya ciro abin da ya ciro, kuma na wata biyun ƙarshe bai fito ba. Ni da ke da mutane a Zinder da Anjamena da Marwa masu ɗaukar bel-bel na atamfa sai sun sayar su biya, ku auna irin baccin da na yi. Yanzu mutum biyu sun zo min. Ɗaya ya ce in sayi saba, wato babbar kwamfutar ajiya, in ajiye a shago, kuɗin da ya yanka min ya kai na bel biyu na shadda mai kyau. Ɗayan ya ce a mayar da komai gajimare, in riƙa biya duk wata. Wanne ne hanya?

Admin: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Injiniyoyi, ga aiki ya zo muku har gida.

Injiniya Bash: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Kafin a shiga gardama, a cire ruɗanin sunan. Gajimaren nan ba a sama yake ba. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, kai kuma kana kama haya a ciki. Kamar yadda kake kama sito ne, sai dai wannan siton yana da maigadi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma duk abin da ka ajiye ana rubuta shi a faifai fiye da ɗaya, in wani ya mutu ba ka ma sani ba. Ni dai ra'ayina a fili yake: ɗan kasuwa ba shi da haɗi da kiwon saba. Ka biya haya ka kama sana'arka.

Malam Audu Mai Sola: Bash, kullum da wannan waƙar kake zuwa. Ka faɗa wa Alhaji da wane kuɗi ake biyan hayar. Da dala ne. Wanda ya shiga a farkon 2023, lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Bai ƙara ko fayil ɗaya ba, kuɗin hayarsa ya ninka uku. Ga harajin kashi 7.5 a kai. Ga lokacin da bankuna suka hana katin naira biyan komai a waje, mutane suna ta neman wanda zai ara musu katin dala kada a rufe musu asusu. Saba kuwa ka saya sau ɗaya, taka ce. Kayan aro ba ya rufe katara.

Injiniya Bash: Malam Audu, da girmanka, "sau ɗaya" ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Saba ba firji ba ce da za a jona a manta. Tana son wuta dare da rana, wato inbata da batura, waɗanda kai ne za ka sayar masa (ba zargi nake yi ba). Tana son sanyi, a garin da zafin Afirilu ke wuce digiri 40. Ƙurar hunturu tana toshe mata fanka. Faifan ciki kuma bayan 'yan shekaru sai an sake. Wanda ke layin Band A ya san yadda kuɗin wuta ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afirilun 2024. A tara duka a raba da watanni, sannan a gwada da hayar.

Malam Audu Mai Sola: To ai shi ya sa ake sa sola.

Akanta Sadiya: Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kun yi nisa ba wanda ya tambayi Alhaji girman abin da za a ajiye. Ranka ya daɗe, ka tambayi mai gyaran, abin da ya ciro ɗin giga nawa ne?

Alhaji Ɗan Kwari: Na tambaye shi yanzu, Hajiya. Ya ce lissafin gaba ɗaya da hotunan rasiɗai bai kai giga huɗu ba. Amma ya ce in za a haɗa da bidiyon kyamarorin tsaro, to wannan tera biyu ne, wato giga dubu biyu.

Akanta Sadiya: To ka gani. Giga huɗu ko filashin da ake rataya a makulli zai ɗauke. Google ma giga 15 yake ba kowane mai Gmail kyauta. Wanda ya ce ka sayi sabar bel biyu don giga huɗu, tirela ya kawo maka don ɗaukar buhun gishiri ɗaya. Kuma ku raba maganar biyu: lissafi daban, bidiyon kyamara daban. Ba ajiya iri ɗaya suke so ba.

Sani Mai Hoto: Wallahi Anti Sadiya ta faɗi gaskiya, bari in ba da nawa misalin, don ni manyan fayil ne sana'ata. Biki ɗaya, daga kamu zuwa wuni zuwa dina, sai in dawo da abin da ya fi giga ɗari. Na taɓa ɗaukar zugar masu cewa a tura komai sama. Na zauna na yi lissafi: tera ɗaya, in layinka yana turawa da gudun megabit 10 a daƙiƙa ba tsayawa, kwana tara ne da 'yan awanni. Ba tsayawa fa, a garin nan. Tera biyun Alhaji kusan kwana goma sha tara ke nan, ban da kuɗin data da aka ƙara wa kashi 50 a farkon 2025. Kuma kyamara ba ta daina ɗauka, kafin ka gama tura na jiya na yau ya taru. Ita dai a bar ta a akwatinta na shago, tana goge tsoho tana ɗora sabo.

Injiniya Bash: Wannan na yarda. Ko a farashin Amazon na yau da kullum, ajiye tera ɗaya wajen dala 23 ne a wata, kuma ranar da ka tashi kwashe kayanka akwai kuɗin fita daban, kusan santi tara kan kowace giga. Shiga kyauta, fita da kuɗi. Ban ce a kai bidiyo can ba. Amma giga huɗun lissafi? Ba na ja da baya.

Na Gusau: Injiniya, ina kake a Satumbar 2021? Mu muna Gusau. Ranar da aka kashe sabis a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba kira, ba saƙo, ba data. Cikin gari sai da muka yi kusan wata guda, na ƙananan hukumomi sun fi mu daɗewa, kuma abin ya taɓa wasu yankunan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ina da shagon kayan masarufi na sari, kuma wata shida kafin nan wani yaro ya mayar min da komai kan manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet. Ranar farko na zauna ina kallon allo yana juyawa. Ban san me ya rage a sito ba, ban san wa nake bi ba. Sai da na riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don kawai in buɗe lissafin shagona in kwafe a takarda. Kayanka, bashinka, amma sai ka tsallaka jiha ka gan su. Tun daga nan ba mai sake yi min daɗin baki.

Malam Audu Mai Sola: Allah ya biya ka, Na Gusau. Kuma ba sai an kashe da gangan ba. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka tsinke a wajen gaɓar Kwaddibuwa, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Manhajojin bankuna suka riƙa ƙin buɗewa, daga Najeriya har Gana. Kuma manyan cibiyoyin kamfanonin nan a nahiyarmu duk Afirka ta Kudu suke: Microsoft ya buɗe nasa a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Kayanka na can ƙarshen duniya, tsakaninku igiya ce a cikin ruwa.

Injiniya Bash: Ba duka ba. Amazon yana da ƙaramin reshe a Legas tun 2023, kuma akwai cibiyoyin ajiya na cikin gida irin su Rack Centre da MDXi, da Galaxy Backbone ta gwamnati a Abuja. Akwai ma masu karɓar naira. Amma tunda an zo tuna baya, Malam Audu, ni ma bari in tuna maka. Ƙarshen Oktoban 2024, da layukan wutar da ke kawo wa Arewa suka lalace, fiye da mako guda muna cikin duhu. Sabar shago a ranar me ta zama? Sannan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016. Sannan ruwan da ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, Baba Alhaji shaida ne. Wuta ko ruwa in suka zo ba sa tambayar wannan atamfa ce, wannan saba ce. Tare za su tafi, har da faifan da ka kwafa ka ajiye a durowar teburin.

Alhaji Ɗan Kwari: Kada ka tuna min ruwan nan, ɗana. Mu Allah ya tsare, saboda shagon yana bene, amma maƙwabtana na ƙasa har littattafansu na takarda sai da suka zama kunu.

Sani Mai Hoto: Gajimaren ma fa yana cin wuta. A Maris 2021 wani ginin ajiyar gajimare na kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa ya ƙone ƙurmus, waɗanda ba su biya kuɗin kwafi a wani wurin ba suka yi asarar komai.

Hajiya Maman Ilham: Sannunku. Tun ɗazu nake karantawa ina jira a zo inda ke min ƙaiƙayi, ba a zo ba. Ina da ɗakin gwajin jini da ƙaramin kemis a Zariya. Ni na yi abin da Injiniya ke cewa, na sa an haɗa babban fayil ɗinmu da ajiyar gajimare, duk abin da aka rubuta a kwamfuta nan take ya hau. Hankalina kwance, ina ma yi wa ƙawayena gori. Wata rana yarinyar da ke kan tebur ta buɗe wani saƙo da aka turo wai takardar biyan kuɗi ce. Kafin azahar duk fayilolinmu sun koma wasu haruffa marasa kan gado, ga rubutu a allo wai a biya kuɗin fansa. Na ce ba komai, ai muna da na sama. Muka buɗe na saman, ashe shi ma ya bi sahu. Abin da ban sani ba shi ne, haɗin nan madubi ne kawai. Ka ɓata na ƙasa, na sama ya ɓaci. Ka goge, ya goge. Allah ya taimake mu wani ɗan ƙanwata ya san yadda ake komawa tsohon kwafi kafin wa'adinsa ya wuce, ya kwana biyu yana dawo da su. Da mun yi sakaci na wata guda, da shi ke nan.

Don haka Alhaji, duk wanda ya ce maka "yana gajimare" ka tambaye shi: madubi ne, ko kwafi ne na kowace rana da ake ajiyewa daban, wanda kwamfutar shago ba ta da ikon taɓawa? Wannan tambayar da na sani da wuri da ban zubar da hawaye ba.

Injiniya Bash: Hajiya, wannan gyara ne a kaina, na karɓa. Haka ma masu saba da ke cewa "faifai biyu ne a ciki, ɗaya na kwafar ɗaya". Wannan yana tsare ka daga mutuwar faifai ne kawai. In yaro ya goge, ko ɓarayin kutse suka kulle, duka biyun lokaci ɗaya suke tafiya.

Malam Audu Mai Sola: Yau dai mun haɗu a abu ɗaya ni da Bash. A rubuta ranar.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Kano. Ku kuna kukan dala, mu nan in an ce dala sefa biyar a ke nufi, shi ya sa na yi ta dariya da an ka ce dala 23. Mu matsalar canji ba ta dame mu kamar ku ba, tunda sefa ɗaure ta ke da yuro, kusan 656 kullum. Tamu matsala kuran ce, wato wutar lantarki, da rezo, wato sabis. Da Najeriya ta yanke muna wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulki, watanni mun ka yi ana rabon kuran. Abin da ni ka yi a shagona na kayan gyaran babur: ƙaramar kwamfutar hannu, batirinta na riƙe awa da yawa, lissahi na cikinta, in rezo ta zo da dare ta tura kwafi. Ba saba, ba hayaniya.

Barista: A ƙara da ɓangaren doka, don na ga an manta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana kan duk mai riƙe bayanan mutane, sunaye da lambobin waya da adireshi, balle Hajiya da ke riƙe sakamakon gwajin marasa lafiya, wanda dokar ta fi tsananta wa. Kai bayanan gajimare ba ya sauke maka nauyi, kai za a tambaya. In an yi kutse mai iya cutar da mutane, awa 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Fitar da bayanan ƙasar waje ma yana da sharuɗɗa. Tara tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 na kuɗin shigarka na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai kuma daga miliyan 10 ne. Sannan in kasuwancinka kamfani ne mai rajista, dokar kamfanoni ta ce a adana littattafan lissafi shekara shida. "Faifai ya mutu" ba uzuri ba ne a wurin masu haraji.

Alhaji Ɗan Kwari: Barista, kai kuma ka zo ka ƙara min hawan jini. To yanzu a taƙaice me zan yi? Kowa ya kawo tsoronsa.

Akanta Sadiya: Ranka ya daɗe, ga abin da nake sa masu shagunan da nake yi wa lissafi su yi. Manhajar ta zauna a kwamfutar shago, ta yi aiki ko ba intanet, saboda abin da ya sami Na Gusau. A sa mata faifan zamani mara juyawa da ɗan batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Kullum bayan la'asar ta tura kwafin ranar gajimare, kowace rana da nata, saboda abin da ya sami maƙwabtanka. Sannan faifan waje guda biyu: ɗaya a shago, ɗaya a gidanka, kana musanya su duk Juma'a, kuma ba a barinsu a jone, saboda abin da ya sami Hajiya. Saba sai ranar da shagunan biyu da sito suke buƙatar rubutu a littafi ɗaya lokaci ɗaya, kuma ko a ranar sai an sake zama.

Amma wanda mutane ba sa yi, kuma shi ne ya fi duka: duk wata ka sa a ɗauko kwafin a buɗe shi a wata kwamfutar daban, a gabanka, ka nemi sunan mutum ɗaya da kake bi bashi ka ga ya fito. Na sha zuwa shagon da aka shekara ana "kwafa", ranar buƙata a tarar fayil ɗin fanko ne.

Injiniya Bash: Ko manya haka ta cece su. A Mayun 2024 Google ya goge asusun wani babban asusun fansho na Ostareliya, UniSuper, bisa kuskure, kwafin da suke da shi a wani kamfanin daban ne ya taimaka aka dawo da su. Don haka na janye rabin maganata, Anti. Rabi kawai.

Malam Audu Mai Sola: Ni ma na bar maganar saba. Amma batirin nan dai a wurina za a saya, Alhaji.

Na Gusau: Ni ƙarin da zan yi, a buga jerin masu bashi a takarda duk ƙarshen wata a kai gida. Ku yi min dariya in kun ga dama.

Hajiya Maman Ilham: Ba mai dariya. Alhaji, tambaya ɗaya ta rage: asusun da za a riƙa turawa ɗin, da sunan wa yake, kuma lambar wayar wa aka ɗaura masa? Wa ya san kalmar sirrin?

Alhaji Ɗan Kwari: Akwai Gmail na shago da aka buɗe tuntuni, da shi muke karɓar takardun kaya daga Cana. Bari in tambayi yara.

Alhaji Ɗan Kwari: Jama'a, Hajiya ta taɓo wani wuri. Ashe wani yarona da na sallama bara ne ya buɗe shi, da layinsa. Yaran ba su san kalmar sirrin ba, a tsohuwar kwamfutar yake a buɗe kullum, ita ce kuma ta mutu. Mun rabu lafiya da yaron, har jari na ba shi, an ce yana Legas. Na kira layin sau uku, a kashe.

Injiniya Bash: Baba, a nemo shi da wuri. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, kuma lambar sake buɗe asusun can za ta riƙa zuwa. Sabon asusun kuma a buɗe shi da layinka na kanka, kada a sake ɗaura shi kan na yaro.

Alhaji Ɗan Kwari: Na aika gidan mahaifiyarsa a Fagge a karɓo sabuwar lambarsa. Hajiya Sadiya, in kina da sarari gobe bayan azahar ki biyo ta shago, ki zo da Bash ɗin, a yi gwajin buɗe kwafin a gabana. Malam Audu, turo min farashin batirin ta gefe, kuma ka sassauta.